Umma, Zanen Nan Ba Ɗan Kaska Ba Ne

Zuwa ga mahaifiyata, kuma malamata ta farko,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki a makwancinki. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda kika koya mini in buɗe kowace takarda da ita, ina sanar da ke cewa gida lafiya, Ƙofar Wambai ma lafiya. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Na kuma san ɗalibanki na da, waɗanda yanzu wasu malamai ne, wasu ma'aikatan jinya, wasu kuma kakanni, za su karanta wannan a shafina na intanet kafin la'asar. Ina so su ji, don maganar ta shafe su. Amma da ke nake.

Maganar littafinki ce, littafin zane-zanen halittu da kika yi shekaru kina koyarwa da su a sakandaren 'yan mata, wanda na gada tare da aikin. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanki ta yanke shawarar a buga shi a raba wa makarantu kyauta, ya zame miki sadaka mai gudana. Mai ɗab'i ya ce in kai masa ranar Litinin. Yau Alhamis. Ni kuwa na gano akwai kuskure a shafi na talatin da ɗaya, kuma na rasa yadda zan yi da shi, saboda ban san ko na wa ne a cikinmu ba.

Kin tuna shafin? Wata 'yar halitta ce dunƙulalliya, da ɗan baki mai tsini a ƙasanta, da gaɓoɓi shida. Biyu na gaba masu kauri, kowanne da baki kamar awartakin maƙeri, sai huɗu sirara masu dogayen farata. Da fensir kika zana ta, layin a tsaye, babu wurin da aka goge. A ƙarƙashi an rubuta da shuɗin biro, da Turanci, cewa ɗan kaska ne sabon ƙyanƙyasa.

Shekara tara ke nan ina zana shi a allo. Na iya shi har ina zana shi ina yi wa aji magana, ba sai na duba littafi ba. 'Yan mata su kwafa daga allo, su haddace, su dawo mini da shi ranar jarrabawa, in ba su maki. Haka muke yi. Haka duk malaman da suka karɓi fotokwafin littafin a hannuna suke yi a makarantunsu. In aka ce zanen Malama ne, magana ta ƙare.

A daminar nan na ce bari in yi abin da kike yi a zamaninki, in shigo da halitta mai rai cikin aji. Akwai wata yarinya a aji biyar, sunanta Daso. Iyayenta makiyaya ne da suka zauna a wajen Zungur, ita kuma tana gidan gwaggonta a cikin gari saboda karatu. Ba ta da surutu, amma in aka zo maganar dabba sai ta gyara zama. Ita ta kawo mana uwar kaska ƙosasshiya, wadda ta cire daga hantsar saniyarsu, a cikin tsohuwar kwalbar magani da 'yar jiƙaƙƙiyar auduga. Kaskar ta zuba ƙwai. Muka ajiye kwalbar a kabad ɗin ɗakin gwaji, kullum 'yan mata suna leƙawa suna yamutsa fuska suna dawowa. Bayan wasu makonni aka ƙyanƙyashe. 'Ya'yan kamar an barbaɗa garin barkono a jikin kwalba, sai dai suna motsi.

Na'urar ƙara girman ƙananan halittu guda ɗaya ce ke aiki a makarantarmu. Na jera su layi, kowacce ta duba ta koma ta zana. Ni ina tsaye ina hana turereniya, ina kallon agogo. Ban sa idona a na'urar ba, Umma. Me zan duba, ni da na san ɗan kaska tun ina 'yar makaranta?

Da na karɓi takardu, kusan duk ajin zanenki suka zana mini, har da awartakin. Sun duba kaskar da idonsu, sun koma kujera sun zana abin da suka haddace. Na ba su maki. Daso kaɗai ta zana wani abu dabam: jiki shimfiɗaɗɗe kamar ƙwayar riɗi, ɗan kai a gaba, ƙafafu shida duk iri ɗaya. Na ja mata jan biro, na rubuta mata ta koma ta duba littafi.

Washegari da aka tashi hutun ƙarfe tara ta same ni a ɗakin malamai, ta tsaya daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Maganar da ta yi har yanzu tana kunnena: "Malama, abin da idona ya gani na zana. Kaskan namu ba shi da wannan hannun." Ta ce in ina so ta kwafi na allo za ta kwafa, amma kada in ce mata shi ne na cikin kwalba.

Na je na duba. Na goge gilashin na'urar da bakin mayafina na sake dubawa. Na ce ko na'urar ce ta tsufa. Na ce ko kaskar Zungur dabam ce da wadda kika zana, ko ta kudu kika samu lokacin da kike jami'a. Na ɗauko wani ɗan kaskar, na ɗauko wani. Duk na Daso nake gani. Na zauna a kan kujerar ɗakin gwaji, littafinki a buɗe a cinyata, na rasa wanda zan ƙaryata tsakanin idona da ke.

Ranar Asabar da hantsi na buɗe akwatin ƙarfenki, wanda ban sake taɓawa ba tun bayan sadakar arba'in. Ƙarƙashin takardun shaidarki akwai wani tsohon ambulan, a ciki zane huɗu, irin takarda ɗaya da ta shafi na talatin da ɗaya, irin fensir ɗaya. Kowanne da lamba a kusurwa: biyu, uku, huɗu, biyar. Na koma na duba namu. Akwai 'yar lamba ɗaya a kusurwarsa, wadda nake gani duk shekarun nan ban taɓa tambayar kaina me take yi a wurin ba.

Na jera su a kan tabarma. Halitta ɗaya ce take girma. A na biyu wasu ƙafafu biyu sun tsiro daga baya. A na uku sun zama huɗu, jikin ya fara tsawo. A na biyar ga ta nan ta cika, ƙafafu takwas dogaye kamar tsinken tsintsiya, jikin kuwa ɗan siriri, kamar an ɗaure tsinkayen ne da zare a tsakiya. A ƙasan na biyar kin rubuta sunanta da fensir: gizo-gizon teku.

Sai na tuna tafiyarki ɗaya tilo bakin teku, wadda kika yi da 'yan ajinku na jami'a. Kin sha ba mu labarin yadda kika ciko kwalba da ruwan teku kika kawo wa Kaka ta ɗanɗana, ta tofar ta ce, "Wa ya zuba gishiri haka ya tafi, ba kuka ba daddawa?" Labarin ruwan muka riƙe. Ba wanda ya tambaye ki me kika gani a ciki.

Kwana uku na yi ina karatu a kan wannan halitta, duk inda na samu sarari tsakanin darasi da darasi, kuma duk abin da na karanta sai ya ƙara ruɗa ni. Sunanta gizo-gizo, amma ba gizo-gizo ba ce, ba ta saƙa yana, dangi ne dai na nesa, har masana ma ba su gama daidaita inda za su ajiye ta a cikin dangin ba. Ba ta da huhu, ba ta da abin numfashi irin na kifi. Ta fatarta iska ke shiga. Jikinta ya yi ƙanƙanta har hanji bai samu wurin zama ba, sai ya yi rassa ya shiga cikin ƙafafu, kuma an ce motsin hanjin nan yana taimakawa wajen tura jini. Ƙwan macen ma a cikin ƙafafunta yake girma, ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin ƙafa yake fita. Na ajiye waya na dubi ƙafata, na yi dariya ni kaɗai. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara cewa kowace gaɓa da aikinta, ga halittar da ta kwashe kayan ɗakinta duka ta zuba a ƙafa.

Sannan in macen ta saki ƙwan, namijin ne ke tattarawa. Yana da wasu ƙananan gaɓoɓi biyu a ƙarƙashinsa, da su yake manne ƙwan curi-curi, ya yi ta yawo da su har a ƙyanƙyashe. Na koma kan zanenki na biyar, ga curin nan biyu kin zana su a ƙasan ƙirji. Da a bara na ga zanen, da na ce wa yara uwa ce da goyo.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne jinjirin, wato zanenmu. Gaɓoɓi shidan nan da na yi shekara tara ina ƙirga wa yara a allo, ina cewa ƙafa ɗaya, ƙafa biyu, babu ƙafar tafiya ko ɗaya a cikinsu. Gaɓoɓin kai ne. Da su yake kamawa ya manne, a jikin ubansa ko a jikin wasu halittu masu laushi da ke liƙe a duwatsun teku, waɗanda wasu jirajiran ke zuƙa, wasu ma su shige cikinsu su zauna. Ƙafafun tafiya daga baya suke zuwa, biyu-biyu, duk lokacin da ya yi saɓa irin ta maciji. Waɗancan na farko kuwa su zama gaɓoɓin da ke kusa da baki da waɗanda namiji ke ɗaukar ƙwai da su, a wasu nau'o'in ma su ƙanƙance har su ɓace.

Ɗan kaska shi ma da shida ake ƙyanƙyashe shi, shi ma a takwas yake ƙarewa. To amma shi shidansa na tafiya ne tun ranar farko. Kin ga inda aka zame. Wanda ya ƙirga kawai, bai duba ba, zai rantse abu ɗaya ne.

To wa ya ƙirga bai duba ba? Nan na tsaya, Umma, kuma har yanzu ina tsaye.

Ke kin san abin da kika zana, tunda ga sunansa da hannunki a na biyar. Amma rubutun shuɗin biron nan na shafi na talatin da ɗaya, na sa shi kusa da rubutunki, na sa shi kusa da nawa, ban iya rarrabewa ba. Ke kika koya mini rubutu. Kina rubuta layi da fensir, in bi ta kai da biro, har hannuna ya ɗauki naki. A makaranta ma an taɓa cewa ke kike yi mini aikin gida. Na nuna wa Yaya Sani, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce shi ko takardar cefane bai taɓa iya gane ta wa ce a cikinmu ba.

Abin da na tabbata shi ne, ni na haɗa littafin. Shekarar da ciwon suga ya fara cin idonki, zane-zanen suna warwatse a jaka, ni kuma ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, ina ɗokin in yi miki wani abu. Na baje su a tsakar ɗakinki, kina kishingiɗe a kan gado, ina ɗagawa ina tambaya. Bayan kwana biyu na kai wa mai ɗinkin littattafai a bayan Kasuwar Muda Lawal, ya yi masa bango kore. Da na kawo miki kika shafa bangon da tafin hannu kika sa mini albarka.

Akwai wani abu da nake ji kamar na tuna. Kamar na ɗaga wannan takarda na ce wannan fa, kika ce, "Ƙafa nawa?" na ce shida, kika ce, "To sa shi wajen kaska." Ina jin muryar. Ina ganin hasken taga a kan zanin gadonki. Amma ban taɓa tuna wannan ba sai makon nan, sai da na shiga neman wanda zan ɗora wa. Ta yaya zan yarda da tunanin da bai zo ba sai ranar da nake bukatarsa? Wataƙila haka aka yi, idonki ba ya gani, kika amsa gwargwadon abin da na faɗa miki. Wataƙila kuma barci kike yi, ni da rawar kan sabon ilimi na ƙirga shida na ɗauki biro. Ko da ke kika ce a sa shi ma, ni na ce shida, ban ce miki akwai awartaki ba.

Na kai maganar wurin Hajiya Talatu, aminiyarki, wadda ita ce uwar ƙungiyar. Ta saurare ni har ƙarshe tana jan carbi, sannan ta ce, "Uwani, ba a sa wa rubutun wanda ya riga mu jan biro. A buga yadda ta bari." Ta ce mutane nawa ne a Bauchi za su ga teku, balle gizo-gizonsa. Ban ji haushinta ba. Ita ta wanke gawarki, tsoronta kada a ce Malama ta yi kuskure ba ta nan balle ta kare kanta.

Kawu Isa kuma da ya ji, cewa ya yi in zare shafin shiru, littafi ya tafi da saura, ba wanda zai ƙirga. Na kusa yarda da wannan. Na ma ɗauko reza. Sai na tuna fotokwafin da ke hannun malamai, wanda za a ci gaba da zanawa a allo ko na zare ko ban zare ba. Na kuma tuna ajin nan da suka sa ido a na'ura, suka ga gaskiya ƙiri-ƙiri, suka koma suka zana ki. Ba su yi haka don sun raina idonsu ba, Umma. Don suna girmama ki ne, ta hanyar da ni na koya musu. Wannan ya fi kuskuren kansa tayar mini da hankali, kuma ban san yadda ake warware shi ba tare da na taɓa girman naki ba.

In na ce kuskurenki ne, ina tsoron in yi miki ƙazafi kina kabari. In na ce ni na rubuta, ina tsoron in yi ƙarya don in yi kyau a idon mutane, a ce 'yar kirki ta rufa wa uwarta asiri. In na yi shiru, kowace shekara wata Daso za ta sha jan biro a wani aji da ban sani ba, da sunanki a bangon littafin, a cikin abin da muka ce sadakarki ce. Wannan na ƙarshen ne na kasa haɗiyewa. Ina jin ke ma da ba ki haɗiye ba, ke da kika taɓa mayar da mu rafin bayan makaranta sau uku saboda mun zana kwaɗo da yatsu biyar a hannu.

Ga abin da zan yi, ko da yake zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Ranar Litinin zan kai wa mai ɗab'i zanen nan biyar a jere, daga ɗaya zuwa biyar, yadda kika yi su a bakin teku, su samu shafukansu da sunansu na gaskiya. Wurin ɗan kaska kuwa zanen Daso zai shiga, da sunanta a ƙasa. Na riga na mayar mata da makinta a gaban aji, na kuma aika wa mahaifinta neman izini, ya aiko da amsa cewa in dai kaska ce a ɗauka, suna da saura da yawa.

Rubutun shuɗin biron ba zan goge ba. Zan sa a ja masa siririn layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, a ƙasa kuma a buga wannan: "Wannan zane ya yi shekaru a wurin da ba nasa ba. Ni 'yarta na sa shi a can, ni kuma na koyar da shi haka." Na auna kowace kalma a ciki. Ko wa ya riƙe biron a ranar, wannan dai gaskiya ce, kuma iya ita na sani.

Hajiya Talatu a wannan wasiƙa za ta fara jin abin da na yanke. Gobe bayan an sauko Juma'a zan je in durƙusa a gabanta, ta yi mini faɗan da ya kamata.

Umma, in ke kika ce a sa shi wajen kaska, to ciwo ne ya rufe miki ido, ni kuwa nawa a buɗe yake, don haka bar mini shi. In kuma ni ce tun farko, ki yafe mini shekarun da na fake da sunanki ban sani ba. Da ma a ce sau ɗaya na zauna na tambaye ki me kika gani a tekun nan.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi. Allah ya sa duk yarinyar da ta buɗe littafin nan ta ƙaru, ladan ya same ki. Abin da ke cikinsa na daidai Allah ya karɓa daga gare ki, abin da ke cikinsa na kuskure Allah ya nuna mana shi tun muna da rai, ya ba mu ƙarfin gyarawa. Allah ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

'Yarki, wadda har yanzu take bin layinki da biro,
Uwani